DAGA JAHUN ZUWA HAƊEJIYA: ZIYARA A ƘASAR MASUNTA

Daga Wakilinmu

In an yi zancen zuwa bakin ruwa domin a ci ɗanyen kifi a kuma ba ido abinci, yawancin ma'aikatanmu da 'yan makaranta sai hankalinsu ya tafi Ikko ko Badagiri ko Kalaba, inda teku ta ke. Su kan manta cewa a nan cikin Jihar Jigawa, tafiyar da ba ta kai ta rabin yini ba daga Jahun, akwai wata ƙasa ta ruwa wadda ta yi shekaru aru-aru tana ci da mutane, har ma kifinta shi a ke lodawa a kai kasuwannin Kudun da mu ke ɗoki. Wannan ƙasa ita ce fadamar kogin Haɗejiya, wadda ta faro tun daga arewacin Jahun da Miga, ta bi ta Auyo da Haɗejiya da Kirikasamma, ta dangana da Nguru cikin Jihar Yobe.

Da ya ke Hausawa sun ce gani ya kori ji, na tashi daga Jahun bayan sallar asuba cikin watan Disamba, lokacin da hunturu ya kankama, ruwa kuma ya fara janyewa daga gonaki yana komawa cikin gulbi. Na bi hanyar Gujungu, na yada zango a bakin kogi, na shiga Haɗejiya, sa'an nan na leƙa dajin Baturiya. Abin da na gano ya ƙunshi abin sha'awa mai yawa, ya kuma ƙunshi abin da ya kamata ya tayar wa kowane mai hankali tsikar jiki.

INDA RUWAN YA FITO

Kafin mai karatu ya fahimci zaman masuntan wannan yanki, tilas ne ya san inda ruwansu ya ke fitowa, domin kuwa ba ruwan saman da ya ke sauka a kansu ne kaɗai ya ke cika musu kogi ba. Kogin Kano ya taso ne daga tsaunukan kudancin Jihar Kano, ya haɗu da kogin Calawa kafin a isa Wudil, daga nan su ka zama kogin Haɗejiya. Shi ne ya ratso ta ƙasar Ringim ya shigo ƙasar Miga, inda wani reshe ya ɓalle daga jikinsa ya zama kogin Kafin Hausa. Bayan ya wuce garin Haɗejiya sai ya tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai jigayi, ya rasa gangare, ya rarrabu kashi-kashi. Wani reshen, watau Marma, ya nufi tafkin Nguru. Wani kuma, Burum Gana, ya yi gabas. Can wajen Gashuwa ruwan ya ke haɗuwa da na kogin Jama'are wanda ya gangaro daga tsaunukan Jos, su zama kogin Yobe mai zuba cikin tafkin Cadi.

Saboda haka ruwan da ya sauka a kudancin Kano cikin watan Yuli da Agusta, shi ne ya ke isowa ya malale fadama cikin Agusta da Satumba. Wannan malala ita ce ran ƙasar baki ɗaya. Idan ruwa ya hau kan ciyawa, kifaye su kan bar cikin gulbi su bazu cikin fadama su zuba ƙwai, 'ya'yan su sami abinci da maɓoya har su yi ƙwari. Manomi ya shuka shinkafa a cikin ruwan, in ya janye ya bi danshin da wake ko kayan lambu. Da rani kuma Bafillace ya kawo shanunsa su ci ɗanyar ciyawa a lokacin da ko'ina ya bushe. Fili ɗaya ke nan, amma masu sana'a uku su ke cin abinci a kansa bi da bi cikin shekara guda.

A BAKIN KOGI

Na isa bakin ruwa hantsi bai gama dubawa ba, hazo ya lulluɓe ƙetare har ba a iya ganin itatuwa sosai. Na tarar da kwalekwale a jere, waɗansu masunta suna fitowa daga duba abin da su ka ɗana tun daren jiya, waɗansu kuwa suna zaune kusa da wuta suna ɗinkin raga. Na gai da wani dattijo daga cikinsu, na ce, sannu da aiki, Baba. Ya amsa da fara'a, ya matsa mini a kan tabarma, ya sa ɗansa ya juye abin da su ka kamo a gabana domin in gani.

Wanda bai san kifi ba sai a cikin miya, zai yi mamakin yawan irinsa. Ga tarwaɗa mai gashin baki da santsin jiki, wadda ita ce uwar kasuwa. Ga karfasa mai faɗi, ga kurungu mai ƙaya wanda ya ke gurnani in an taɓa shi, ga ƙawara, ga bargi mai manyan ɓawo. Akwai kuma minjirya, wadda ba a kama ta da garaje domin tana fizgar mutum kamar wutar lantarki. Giwan ruwa da yauni, waɗanda su ne manyan kifaye masu tsada, ban ga ko ɗaya ba a ranar nan, dattijon kuwa ya shaida mini cewa yanzu sai a daɗe ba a ci karo da babba ba.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce gaiwa. Wannan kifi yana da huhu, yana shaƙar iska kamar dabbar tudu. Idan tafki ya ƙafe sai ya haƙa rami cikin laka, ya naɗe jikinsa cikin wani irin yauƙi da ya ke bushewa ya zama kamar jaka, ya bar 'yar kafar numfashi, ya kwanta nan wata da watanni har ruwa ya dawo. Masunta sun san alamar raminsa, su kan bi busasshen tafki da rani su tono shi da ransa. Ɗalibin kimiyya da ya karanta labarin wannan halitta cikin littafin Turanci, ga ta nan a ƙofar gidansa.

Kayan su ma iri-iri ne. Akwai birgi, ragar da a ke wurgawa ta buɗe kamar laima ta faɗa kan ruwa. Akwai kalli, wadda a ke shimfiɗawa a bar ta ta kwana kifi ya sarƙe a ciki. Akwai mamari, doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi. Akwai mali, wani tarko mai kama da kwando wanda sunansa ya nuna ƙasar da aka samo shi. Sa'an nan ga tsohuwar hanya ta kaka da kakanni, watau mutum ya kwanta a kan gora ya riƙe koma, yana iyo yana kamu yana jefawa cikin gorar.

Su ba a yinsa kara zube. Tun zamanin dā kowane ruwa yana da mai shi, akwai Sarkin Ruwa ko Bulama wanda ya ke da ikon hana shiga tafki har sai kifi ya girma, sa'an nan a sa rana a yi shela, jama'ar ƙauyuka su taru a faɗa gaba ɗaya. Irin wannan al'ada ce ta girma ta zama bikin Argungu wanda aka fara a 1934. Hikimar da ke ciki a fili ta ke: ruwan da aka bari ya huta, shi ne ya ke biyan mai haƙuri.

KASUWAR KIFI

Da azahar na shiga Haɗejiya. Ba sai an nuna wa baƙo inda kasuwar kifi ta ke ba, hancinsa zai kai shi. Da ya ke ɗanyen kifi ba ya jure zafin ƙasarmu, mafi yawan abin da a ke kamawa banda a ke yi da shi. A kan wanke tarwaɗa, a lanƙwasa ta a haɗa wutsiya da kai a soke da tsinke, a jera a kan waya bisa murhun ƙasa ko rabin ganga, a hura wuta marar harshe a ƙasa, a yi ta juyawa har ruwan jikinta ya tsane ta yi baƙi-baƙi tana ƙyalli. In an gasa ta yadda ya kamata ta kan yi makonni ba ta lalace ba. Daga nan a shirya cikin kwalaye a ɗaure, dillalai su shiga tsakani, manyan motoci su ɗauka zuwa Kano da Abuja da Anaca da Ikko.

Wannan ciniki ya girmi motocin. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta tashi daga Kano ta bi ta Ringim da Malam Madori ta isa Nguru a 1930, busasshen kifin wannan yanki ya sami hanyar zuwa Kudu tare da gyaɗa da fatu. A 'yan shekarun baya kuma, da rikicin Boko Haram ya durƙusar da kasuwar Baga, musamman bayan harin watan Janairu na 2015, fatake da yawa na kifin tafkin Cadi sun karkato da kayansu Haɗejiya. Don haka ba dukkan kifin da mutum zai gani a kasuwar ne aka kama a kogin garin ba.

Mai ziyara kada ya bar garin bai zauna wajen masu tuya ba. Na ci karfasa da aka tsamo daga mai a gabana, aka barbaɗa mata yaji, aka yanka albasa a kai, na kuma sha farfesun tarwaɗa mai zafi wanda ya kore mini sanyin safiya. Da dare mai masaukina ya kawo tuwon shinkafar da aka noma a fadamar, da miyar kuka wadda aka marmasa banda a ciki. Wanda ya saba da kifin ƙanƙara da a ke shigo da shi daga ƙasashen waje, ranar da ya ɗanɗana wannan zai san bambanci. Sai dai akwai gargaɗi guda: waɗansu marasa tsoron Allah su kan yayyafa wa banda maganin ƙwari domin kada ya yi tsutsa, abin da hukumomin lafiya su ka sha hani a kai. Mai saye ya sansana, ya kuma wanke da ruwan zafi kafin a sa a tukunya.

GARI MAI TARIHI

Haɗejiya ba garin kifi ba ne kurum. Masu tarihin baka sun ce sunan ya samo asali daga wani maharbi, Haɗe, da matarsa Jiya. Kafin jihadi ƙasar tana rarrabe ne tsakanin ƙananan masarautu, cikinsu har da Auyo, tsohon gari wanda mutanensa su ke da harshensu na kansu, Auyakanci, wanda yanzu ya ɓace. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Sarki Sambo ya kafa mulkin Fulani a Haɗejiya, aka haɗa ƙasar ƙarƙashin tuta guda.

Ɗansa Buhari, wanda ya rasu a 1863, shi ne sarkin da sunansa ya fi tashi. Ya yi wa Sakkwato tawaye, aka aiko masa da runduna ya karya ta, ya zauna yana cin gashin kansa yana kai hari ƙasashen maƙwabta, har ya gamu da ajalinsa a yaƙin Gogaram cikin ƙasar Bade. Mutanen gabashin Kano na wancan zamani, cikinsu har da na ƙasar Jahun, sun san zafin dawakinsa. Masu nazarin tarihi har yau suna muhawara a kansa, waɗansu na ganinsa jarumi, waɗansu na ganinsa mai taurin kai, wannan kuwa aiki ne da ya dace da ɗalibanmu.

Ranar da garin ba zai manta da ita ba ita ce 25 ga Afrilu, 1906. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Haɗejiya ta ƙi sakin jiki da su. A ranar nan sojojin Ingila su ka shiga garin da bindigogi masu aman wuta, Sarki Muhammadu da manyan fadawansa su ka tare su da takubba da masu, aka yi ta fafatawa har cikin fada, Sarki ya faɗi tare da jama'a masu yawa. Shi ya sa a ke kiransa Mai Shahada. Wanda ya tsaya a ƙofar fada ya tuna da wannan rana, zai fahimci dalilin da ya sa Bahaɗeje ya ke alfahari da garinsa.

BAƘI DAGA TURAI

Washegari na nufi Baturiya cikin Ƙaramar Hukumar Kirikasamma. Nan tafkuna ne birjik a tsakanin itatuwan gabaruwa da goruba, tsuntsaye kuwa sai wanda ya gani. Ga dinya, ga kirinjijiya masu tashi garke-garke suna fito, ga zalɓe a tsaye da ƙafa ɗaya yana dakon kifi, ga balbela fari fat a bayan shanu. A cikinsu akwai baƙi: waɗansu agwagin daji da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu, waɗanda su ke yin ƙwai a arewacin Turai da Rasha, in sanyi ya matsa musu su ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara su sauka a nan. Wannan fadama tana cikin wuraren ruwa na farko da su ke tararwa bayan sun gama ratsa hamada. In ta ƙafe, ba su da masauki.

Duniya ta san da haka. A 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamar Haɗejiya da Nguru tare da taimakon ƙungiyoyin ƙasashen waje. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo da kansa ya ga tsuntsayen Dagona cikin ƙasar Bade. Akwai kuma yarjejeniyar kare fadamu ta duniya wadda aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. An sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerinta a 2000, aka sa Baturiya, mai faɗin fiye da hekta 100,000, a 2008. A 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince a ɗaga dajin ya shiga sahun gandayen daji na ƙasa. Abin kunya ne a ce Bature ya taso daga London domin ya ga abin da ɗan Jahun bai taɓa takawa ya gani ba.

MADATSUN RUWA DA KACALA

To, amma fa ƙasar nan tana cikin wani hali. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kuma gama ta Calawa a 1992. Babu mai musun amfaninsu: su ne su ke shayar da birnin Kano, su ne su ka raya noman rani a Kadawa da Kura, da kuma na kwarin Haɗejiya a Auyo wanda aka faɗaɗa aka buɗe a farkon 2023. Sai dai ruwan da aka tare a sama, an rage shi ne daga rabon na ƙasa. Fadamar da a dā ruwa ya kan malale fiye da murabba'in kilomita 2,000 nata a shekara mai albarka, ta koma ƙasa da rabin haka a shekaru da dama bayan madatsar Tiga da farin shekarun 1980. Inda ruwa bai hau ba, kifi ba ya haihuwa.

A farkon shekarun 1990 waɗansu masana uku, Barbier da Adams da Kimmage, sun auna amfanin da a ke samu daga ruwan fadamar ta hanyar noma da su da itacen wuta, su ka gwada shi da amfanin da a ke samu in an juya ruwan zuwa aikin noman rani na kogin Kano. Sakamakon ya nuna cewa a kan kowane ma'aunin ruwa, fadamar ta fi riba ninkin-ba-ninkin. Wannan darasi ne ga duk ma'aikacin da a ke kawo wa fayil ɗin sabon aiki: a lissafa wanda zai samu, a kuma lissafa wanda zai rasa.

Masifa ta biyu ita ce ciyawar kacala. A dā kogin ya kan ƙafe da rani, ciyawar ruwa ta mutu. Yanzu da a ke sako ruwa daga madatsu rani da damina, hanyoyin ruwa ba sa bushewa, kacala kuwa abin da ta ke so ke nan. Ta yi tsawo ta fi mutum, ta cushe mashigai, laka ta taru a gindinta, ruwa ya rasa hanya. Sakamakon haka wani yankin ya nutse shekara da shekaru, gonaki su zama tafki, wani yankin kuma ya rasa ko ɗigo. Kwalekwale ba ya ratsa ta, raga ba ta shimfiɗuwa a cikinta. A ciki jan-baki su ke sheƙa su fito su cinye shinkafa da gero, a ciki sauro da dodon koɗi mai kawo tsargiya su ke yaɗuwa. Idan kuma damina ta yi ƙarfi, kogin da hanyarsa ta toshe sai ya afka cikin garuruwa, kamar yadda aka gani a 2001 da 2020, da kuma 2022 lokacin da ambaliya ta raba dubban mutanen jihar nan da gidajensu, har da na ƙasar Jahun da Miga.

Masifa ta uku kuwa daga hannun masuntan kansu ta ke. Jama'a ta ƙaru, ruwa ya ragu, sai waɗansu su ka koma amfani da raga mai ƙananan idanu, har da gidan sauron da aka raba domin kare yara daga zazzaɓi. Na ga tulin 'ya'yan kifi da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba an shanya a rana. Dattijon da na zauna da shi bai ɓoye mini ba cewa sun san ɓarna ce, amma mai iyali da ya fito tun asuba ba ya iya komawa gida hannu rabbana. Wanda ya ci iri dai, ya san abin da zai girba baɗi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ba a rasa hukumomi ba. Akwai Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are tun 1976, wadda madatsun su ke hannunta. A 2006 jihohi shida masu cin moriyar ruwan, watau Kano da Jigawa da Yobe da Barno da Bauci da Filato, sun haɗu a Damaturu su ka kafa asusu na musamman domin kula da shi. An kuma sha yin aikin share kacala, da injuna da kuma aikin gayya. Abin da a ke bukata shi ne ɗorewa. Ya kamata a tsara sakin ruwa yadda zai yi kama da halin kogin na asali, a saki isasshe da damina domin fadama ta sha, a rage da rani domin kacala ta bushe, a kuma sanar da mutanen ƙasa kafin a buɗe. Ya kamata a ƙarfafa hannun Sarakunan Ruwa, domin dokar da aka rubuta a Dutse ba ta aiki a tafki in ba da su ba. Ƙasar da ta ke kashe kuɗin waje masu yawa kowace shekara wajen sayo kifi, bai dace ta bar nata ya ƙare ba.

Ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa da kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗejiya, ga fagen bincike nan a shimfiɗe: sunayen kifaye da su ke ɓacewa, tarihin da ke bakin tsofaffi, da hanyar mai da kacala abin amfani. Shugabannin makarantun sakandare kuma su shirya wa yara ziyara tsakanin Disamba da Fabrairu, sa'ad da tsuntsaye su ke nan, hanya kuma ta bushe. A nemi izinin masu gari da ma'aikatan daji, a ɗauki ɗan jagora, a kuma hana yara wanka a ruwan da ba ya gudu saboda tsargiya.

Da yamma, a kan hanyata ta komowa Jahun, na sake tsayawa a bakin kogi. Na tarar da dattijon nan yana koya wa jikansa yadda a ke naɗe birgi a hannu kafin a wurga. Yaron ya gwada sau uku ragar tana faɗawa a dunƙule, a na huɗu ta buɗe. Ko zai sami abin da zai kama in ya kai shekarun kakansa, wannan ya danganta ga shawarar da a ke yankewa yau a ofisoshin Kano da Dutse da Abuja. Allah ya ba shugabanninmu ikon duba na ƙasa da su, amin.